Na tara kuɗin kujera, amma akwai ramuwar salla da zakka a kaina: in tafi Hajji ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a nan Tawa, shekaruna 47. Ina saye a Galmi da kewaye ina lodawa zuwa Abijan. Bana Allah ya hore mini kuɗin kujerar Makka. Sai dai ina saurayi na yi shekara 6 ina ci-rani a Abijan, salla ba ta tsaya mini ba a lokacin, kuma na sha azumi wasu kwanaki. Zakkar hatsi ina fitar da dami ɗaya cikin goma kamar yadda na ga mahaifina yana yi, amma ta kuɗi ban taɓa lissafawa ba, sadaka dai nake yi. Ina da tumaki da awaki wajen 50 a ƙauye, kuma wani abokin ciniki yana bina jikka 600, wato sefa dubu 600. Wani ya ce mini in tafi kawai, Hajji yana wanke komai. Mene ne gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwana, Allah ya saka maka da alheri da ka yi tambaya tun kafin ka kai kuɗin. Da yawa sai sun dawo, an fara kiransu Alhaji a kasuwa, sannan abin ke fara yi musu ƙaiƙayi a zuci.

Bari in fara da maganar wanda ya ce maka Hajji yana wanke komai, domin a kanta sauran suka rataya. Hadisin da ya ji gaskiya ne, yana cikin Bukhari da Muslim: wanda ya yi Hajji bai yi batsa ba bai yi fasiƙanci ba, zai dawo kamar ranar da mahaifiyarsa ta haife shi. Amma malamai sun raba abu biyu. Akwai zunubin jinkirta farilla, akwai kuma farillar ita kanta. Zunubin muna fata Allah ya yafe shi da tuba da Hajji karɓaɓɓe. Farillar kuwa tana nan daram. Ka auna da abin da ka sani: in ka tsaya a Arfa ka yi kuka har ka jiƙa haraminka, ka dawo Tawa, shin mutumin da ke binka jikka 600 zai ce ya yafe don ka zama Alhaji? To haka zakkar da ba ka fitar ba take, ita ma haƙƙin wasu ce, talakawa ne masu ita. Annabi (SAW) ya ce ana gafarta wa shahidi kowane zunubi ban da bashi. In jinin shahada bai goge bashi ba, tikitin jirgi ba zai goge shi ba.

Shikashikan Musulunci biyar ne, kowane yaro a makarantar allo ya haddace: kalmar shahada, salla, zakka, azumin Ramadan, da Hajji ga wanda ya samu iko. Abin da ake mantawa shi ne ba rana ɗaya suka sauko ba, kuma ba kafaɗarsu ɗaya ba. Salla an wajabta ta tun a Makka, daren Isra'i, kafin Hijira. Azumi ya zo a shekara ta 2 bayan Hijira, Hajji can daga baya, kuma Annabi (SAW) sau ɗaya ya yi shi bayan Hijira, a shekara ta 10. Da ya aiki Mu'azu ɗan Jabal Yaman, ya ce masa ya fara kiran mutane zuwa ga shahada, in sun karɓa ya sanar da su salloli biyar, in sun karɓa ya sanar da su zakka, wadda ake karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Sayyidina Abubakar kuwa har yaƙi ya yi da waɗanda suka ce za su yi salla amma ba za su ba da zakka ba. Mu a nan Adar mun juya jerin. Na ƙarshen shi ke da rawani da suna da 'yan tarya a filin jirgi, na tsakiya ba wanda ke ganinsu, shi ya sa ake tsallake su.

Salla ita ce ta fi nauyi cikin abin da ka lissafa, amma ita ce ba ta hana ka tafiya. Mazhabobin nan huɗu sun tafi a kan cewa wanda ya bar salla, da mantuwa ko da gangan, sai ya rama. Za ka iya jin wani yana cewa wanda ya bari da gangan ba ya ramawa, tuba kawai zai yi ya yawaita nafila. Wannan ra'ayin Ibn Hazmi ne da Ibn Taimiyya, ba ƙirƙira ba ce. Ni dai ba na ba da fatawa da shi, domin na ga yadda mutane ke ɗaukar rabinsa mai daɗi, wato barin ramuwa, su bar rabin da ke da wuya, wato yawaita nafilar. Ka rama.

Shekara 6 kwana 2,190 ke nan, in ba ka yi ko ɗaya ba. Ka ce salla ba ta tsaya maka ba, ma'ana kana yi kana bari. To ka zauna ka ƙiyasta, ka ɗauki adadin da zuciyarka ta natsu cewa ya rufe abin da ake binka. Cikin Ahalari, littafin da kusan kowanenmu ya fara fiƙihu da shi, an ce wanda ke rama sallar kwana biyar a kowace rana ba a ƙirga shi cikin masu sakaci. Raka'a 85 ke nan a rana, kuma da haka za ka gama kwana 2,190 cikin kwana 438, shekara ɗaya da 'yan watanni. Na san mai loda mota ba kullum zai samu wannan sarari ba. Ka ɗauki abin da za ka iya riƙewa: bayan kowace farilla ka rama irinta guda biyu, ranar da kasuwa ta yi sanyi ka ƙara. Ramuwa ba ta da lokacin hani, ana yin ta bayan La'asar, ana yin ta da hantsi, ana yin ta tsakar dare. Ka samu ɗan littafi kana ja mata layi kamar yadda kake rubuta buhunan da ka loda. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ramuwa ke kansa ba ya shagala da nafilfili, ban da shafa'i da wutiri da raka'atal fajri da sallolin Idi da makamantansu. Saboda haka in azumi ya zo, lokacin da wasu ke asham kai ka tsaya gefe kana biyan bashinka. In kuma Allah ya kai ka Makka, babu wurin ramuwa da ya kai Harami.

Tun da kai matafiyi ne, ka gyara ta yanzu ma kada ramin ya ƙara zurfi. Tafiyar da ta kai mil 48, kimanin kilomita 80, ana kasaru a cikinta, Azahar da La'asar da Isha'i su koma raka'a bibbiyu. Daga Tawa zuwa Ƙonni kaɗai ya wuce haka, balle Yamai ko Abijan. Kana kuma iya haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i, in hanya ta matsa. In ba ruwa ka yi taimama. Amma ranar da ka yi niyyar zama kwana huɗu cikakku a gari, kasaru ta yanke. Wannan ya nuna maka cewa zamanka na Abijan zaman gida ne a shari'a, don haka sallolin can cikakku za ka rama su, raka'a hurhuɗu.

Azumi ba shi da tsawon bayani. Kwanakin da ka sha don ciwo ko don kana kan hanya, ka rama su, sannan ka ciyar da mudu ɗaya na Annabi ga miskini a kan kowace rana, saboda ka bari wani Ramadan ya riske ka ba ka rama ba. Wannan mudun ba ya ninkuwa da yawan shekaru. Wanda ka sha da gangan kuwa, kana zaune lafiya, kowace rana tana da ramuwa da kaffara: ciyar da miskinai 60, kowanne mudu ɗaya, ko azumin wata biyu a jere. Malamanmu na Malikiyya sun fifita ciyarwa. Ka nemi mudun Nabi na gaskiya wajen malaman unguwarku, kada ka auna da tiyar kasuwa, girmansu ba ɗaya ba ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato zakka, domin ita ce za ta taɓa kuɗin kujerar.

Ta hatsi ka yi daidai, Allah ya jiƙan mahaifinka da ya koya maka. Abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ne, abin da aka shayar da wahala, da guga ko da injin ban ruwa, ɗaya cikin ashirin. Nisabinsa, wato mafi ƙarancin abin da zakka ke hawa kansa, wusƙi 5 ne, sa'i 300 ke nan, abin da ya tasamma buhu 6 da rabi na kilo 100. Gero da dawa da shinkafa kowanne jinsinsa daban, ba a haɗa su don cika nisabi, kuma wake ma ana fitar masa in ya kai. Wannan na ƙarshen da yawa ba su sani ba. Bashi ba ya hana zakkar gona, ranar girbi ake fitarwa ko da ana bin mutum.

Dabbobinka ma sun shiga. Tumaki da awaki ana haɗa su wuri ɗaya a ƙirga. Daga 40 zuwa 120 dabba ɗaya ce a shekara, daga 121 zuwa 200 biyu. Kai mai 50 dabba ɗaya ke kanka duk shekara, daga jinsin da ya fi yawa a garken, matsakaiciya, ba gurguwa ba, ba kuma dole sai ragon da kake ji da shi ba. A wajen Imamu Malik ba a bambanta wadda ke kiwo a daji da wadda ake yanko wa ciyawa a gida. Ka tambayi wanda ke tsare maka su tun yaushe suka kai 40, ka biya na shekarun baya. Shanu nisabinsu 30, raƙuma 5, na faɗa don masu karatu daga wajen Abalak da Cintabaraden.

Albasa fa? A nan mutane ke ruɗewa. Sun ji malamai na cewa babu zakka a kayan lambu, sai suka ɗauka duk wanda ya taɓa albasa ya tsira. Wannan hukuncin manomi ne. Manomin Galmi da ya tone albasarsa ba ya fitar da ɗaya cikin goma daga cikinta a mazhabar Malik, sai in ya sayar, kuɗin ya kai nisabi, ya kuma shekara a hannunsa. Imamu Abu Hanifa ma cewa ya yi a fitar daga duk abin da ƙasa ta tsirar, kuma in ka dubi abin da lambun albasa ke kawowa a yau ka kwatanta da gonar gero, za ka ga maganarsa ba abin yarwa ba ce. Amma kai ba manomi ba ne a nan. Kai saye kake don ka sayar, albasarka haja ce, hukuncinta hukuncin atamfa ne a shago.

'Yan kasuwa a fiƙihunmu iri biyu ne. Akwai mudiri, mai juya kaya, yana saye yana sayarwa da farashin ranar. Akwai muhtakiri, mai jiran kasuwa, kamar wanda ke sayen albasa lokacin tono da arha, ya zuba a rudu, ya jira sai ta yi tsada. Mai jiran kasuwa ba ya fitar da zakkar kayan sai ranar da ya sayar, matuƙar shekara ta kewayo a kan jarin, kuma ta shekara ɗaya zai fitar ko da kayan sun fi haka a ajiye. Mai juyawa kuwa yana da wata guda a shekara da zai zauna ya yi lissafi: kuɗin hannu, da na banki, da na waya, da ƙimar kayan da ke ƙasa da farashin ranar, da bashin ciniki da yake sa ran za a biya shi. Ya haɗa, ya cire bashin da ake binsa, sai dai in yana da wata kadara da za ta iya rufe bashin. In abin da ya rage ya kai nisabi, ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Yadda ka siffanta sana'arka, kai mai juyawa ne. In kana yin duka biyun kuma juyawar ta fi yawa, duka a lissafin mai juyawa suke. Motar da kake loda kaya da shagon da kake zama ba sa shiga lissafi, kayan aiki ne.

Nisabin kuɗi dinari 20 ne na zinariya, kimanin giram 85, ko dirhami 200 na azurfa, kimanin giram 595. Farashinsu yana hawa yana sauka, don haka ka je wajen masu sayar da zinariya ka tambayi kuɗin giram ɗaya a ranar lissafinka. Na azurfa ya fi ƙasa nesa ba kusa ba, shi ya sa wasu malamai ke cewa a yi aiki da shi don ya fi amfanar talaka, wasu kuma suka riƙe na zinariya. Mutumin da ke cika babbar mota da albasa har ya ware kuɗin kujera gefe, da wuya wannan saɓanin ya fisshe shi. Lissafin ba wuya: kowane miliyan ɗaya na sefa, jikka 25 ne. Miliyan 8, jikka 200. Su kansu kuɗin da ka ajiye don Hajji suna ciki, niyyar Makka ba ta fitar da su daga zakka matuƙar suna hannunka.

Shekarun baya ba su faɗi ba. Ka koma ka tuna shekarar da jarinka ya fara kai nisabi, ka ƙiyasta abin da kake da shi a kowace shekara, ka fitar wa kowacce nata. Kai ɗan kasuwa ne, ka san shekarar da albasa ta yi kuɗi, ka san wadda ta ruɓe a hanya. Sadakar da ka riƙa yi Allah ya ba da lada, amma ba ta zama zakka, domin zakka sai da niyya lokacin ware ta ko lokacin bayarwa.

Wa za a ba? Allah da kansa ya ƙirga su takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba, na farkonsu faƙirai da miskinai, a cikinsu akwai wanda bashi ya yi wa katutu da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Ba ka ba iyayenka ko matarka ko 'ya'yan da ciyar da su ke wuyanka. Amma ƙaninka ko ƙanwarka ko gwaggonka mabuƙata sun fi na waje cancanta, lada biyu ne, na zakka da na zumunci. Ba a gina masallaci da ita. Kuma a raba ta a inda dukiyar take ko kusa da nan, sai in akwai waɗanda suka fi buƙata a nesa. Wata ɗabi'a da nake ƙi a garin nan ita ce mai kuɗi ya canza zakkarsa zuwa ƙananan takardu, ya tara mata da almajirai a ƙofar gida cikin rana, kowa ya samu abin da bai wuce kuɗin fura ba. Da jikka 200 kana iya ɗaga gida biyu ko uku: a saya wa bazawara mai marayu keken ɗinki, a cika wa wani magidanci rumbu ya kai ga kaka ba tare da ya sayar da akuyarsa ba.

Bashin abokin cinikinka kuwa, bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a riƙe shi alhali akwai abin biya, kuma Annabi (SAW) ya kira jinkirin mawadaci zalunci. In lokacin biya ya yi, ka biya kafin ka kai ko dala wajen kujera, domin mai bashin da lokacinsa ya cika yana da ikon hana ka tafiya. In da sauran lokaci, ka same shi ku yi magana, ku rubuta, ka bar wanda zai biya a madadinka.

Kada ka fahimci cewa ina sassauta Hajji. Allah ya ce a aya ta 97 ta Ali Imrana Hajjin Ɗakin wajibi ne a kan wanda ya samu ikon zuwa, kuma mazhabar Malik ta fi sauran tsanani wajen fassara ikon: wanda zai iya kai kansa ko da ƙafa, cikin aminci, ba tare da wahalar da ta wuce misali ba, ya hau kansa. Kakanninmu da wannan fahimtar suka bi ta Chadi da Sudan suka tsallaka Bahar Maliya, wasu suka shekara da shekaru a hanya, wasu zuriyarsu tana Sudan har yau. Ko wajibi ne nan take ko ana iya jinkirtawa, maganganu biyu ne sanannu a mazhaba, kuma duka biyun sun haɗu a kan cewa wanda ke tsoron kada damar ta kuɓuce masa ba ya jinkiri. Yau kujera ta haura miliyan 3 na sefa, kuma ba kowace shekara kasuwa ke bayarwa ba.

Don haka ga abin da nake gani. Cikin satin nan ka zauna da takarda ka fitar da adadi uku: bashin mutumin, zakkar kuɗi ta bana da ta baya, da abin da ke kanka na dabbobi da kaffara. Ka biya bashin, ka fitar da zakkar. In abin da ya saura ya isa kujera da guzuri da abin da iyali za su ci har ka dawo, ka yi rajista bana, kada ramuwar salla ta tsayar da kai, ka tafi da ita kana yi. In bai isa ba, to a bana ba ka cikin masu iko, kuma babu laifi a kanka, domin kuɗin da kake kallo a matsayin naka akwai na mutane a ciki. Malamanmu sun ce wanda ya yi Hajji da dukiyar haram farilla ta sauka daga kansa amma ya yi saɓo, Imamu Ahmad kuwa ya ce bai ma isar masa ba. Mutum ba ya kashe miliyoyi ya sha ranar Arfa don ya tsaya a tsakanin waɗannan maganganu biyu.

In tafiyar ta tabbata, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu malami ya karantar da kai rukunnan Hajji huɗu tun kana gida: harama, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, tsayuwar Arfa, da ɗawafin ifada. Ka riƙe cewa a wajen Malik rukunin tsayuwar shi ne ka kasance a Arfa ko da ɗan lokaci bayan faɗuwar rana, daren Sallar Layya, don haka kada gaggawar shiga mota ta fitar da kai daga iyakar Arfa rana tana sama. Kafin ka kama hanyar Yamai kuma ka rubuta wasiyya gaban shaidu biyu, ka sa abin da ake binka da abin da kake bi, har da ragowar zakka ko kaffarar da ba ka kammala ba, don a fitar daga dukiyarka in ta Allah ta kasance. Ramuwar salla ba ta shiga takardar, ita ba wanda ke yi wa wani, don haka ka fara ta da Azahar ɗin yau. Wallahu a'alam.